CBT na rage fargaba da ciwon damuwa, amma me take canzawa a cikin mutum?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, malamai. Tambayata a kan jinyar nan ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ake kira CBT. Ana yawan cewa tana koya wa mai fama da fargaba ko ciwon damuwa yadda zai sarrafa motsin ransa. To me hakan ke nufi a aikace? Tsoron da baƙin cikin ne ke raguwa, ko suna nan yadda suke, mutum ne ke koyon zama da su? Wane ɓangare na jinyar ne ke yin aikin, takardar rubuta tunani ko tunkarar abin da ake tsoro? Kuma idan mutum ya yi zama takwas ko goma bai ga sauyi ba, daga ina ake fara neman matsalar? Don Allah a yi min bayani dalla-dalla, da matakai da adadi inda akwai su.

Mai Alƙalami:

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ke fara sauyawa shi ne abin da mutum ke yi a 'yan mintunan da ke biyo bayan tasowar tsoro ko ƙunci. Raguwar tsoron kansa daga baya take zuwa, kuma wancan ne ke haifar da ita. Wanda ya gama jinya lafiya, gabansa na iya faɗuwa idan aka ce ya tashi ya yi magana a taro. Sai dai ba ya gudu, ba ya kwana uku yana saƙa da warwara a kai, kuma faɗuwar gaban ba ta zama masa shaidar cewa bala'i na tafe.

James Gross na Jami'ar Stanford a Amurka ya fitar da wani tsari a 1998 wanda ke taimakawa a gane wannan. Ya ce gurare biyar ne mutum ke iya sa hannu a motsin ransa. Yana iya zaɓar inda zai je da inda zai ƙi zuwa. Yana iya sauya wani abu a wurin bayan ya isa. Yana iya karkata hankalinsa ga wani abu ya bar wani. Yana iya sauya fassarar da ya yi wa abin da ya faru. Na ƙarshe, bayan abin ya riga ya taso, yana iya danne shi ko ɓoye shi a fuska.

Mai fargaba da mai ciwon damuwa suna fama da ransu dare da rana har su galabaita, don haka kada a ɗauka ba sa ƙoƙari. Dabarun da suka dogara da su ne matsalar, musamman guda uku masu ba da sauƙi yau su ƙara ciwo gobe: gujewa, saƙe-saƙe, da dannewa. A 2010 Aldao da Nolen-Hoeksema da Schweizer sun tattara bincike 114, suka ga alaƙar waɗannan ukun da ciwon ta fi ƙarfi a kan alaƙarsa da dabaru masu kyau irin su sake fassara da karɓar abin da aka ji. Ita dannewa, gwaje-gwajen Gross sun nuna fuska ce kawai ke lafawa. Ɓacin ran na nan, jiki na ƙara tashi, kuma mutum na manta wani ɓangare na abin da aka faɗa a gabansa saboda hankalinsa na kan riƙe fuskarsa.

Yanzu takardar tunani, wadda ta samo asali daga aikin Aaron Beck a Jami'ar Pensilbeniya tun shekarun 1960. Irin wadda aka fi amfani da ita tana da gurbi bakwai. Ga misali. A gurbi na farko a rubuta abin da ya faru, tsabarsa, yadda kyamara za ta ɗauka: "Na aika wa abokina saƙo, ya gani, awa shida bai amsa ba." Na biyu, abin da aka ji da ƙarfinsa daga 0 zuwa 100: ƙunci 80, kunya 60. Na uku, tunanin da ya gilma a lokacin da kuma yadda aka yarda da shi: "Ya gaji da ni, kowa ma haka," 90. Na huɗu, hujjojin da ke goyon bayan tunanin, kuma a rubuta su da gaskiya: bai amsa ba, hirar makon jiya ma gajeriya ce. Na biyar, hujjojin da suka saɓa masa: ya sha jinkirta amsa idan aiki ya yi masa yawa, kuma shi ya kira kwana goma da suka wuce. Na shida, jimlar da ta ɗauki duka ɓangarorin: "Bai amsa ba, ban san dalili ba. Ya saba yin haka idan yana cikin aiki. Gobe zan kira in ji." Na bakwai, a sake auna abin da ake ji. Idan ƙunci ya sauko daga 80 zuwa 50, takardar ta yi aikinta. Ba a neman sifili.

Inda take lalacewa kuwa sananne ne. Wasu na rubuta abin da suka ji a gurbin hujja, "ina ji a jikina ba ya so na," alhali ji ba hujja ba ne. Wasu na ɗaukar tunani mai sanyi su bar mai zafin. Idan tunanin da aka rubuta bai isa ya haifar da ƙunci 80 ba, akwai wani a ƙarƙashinsa, kuma ana tono shi da tambaya ɗaya ana maimaitawa: "In haka ne, me yake nufi game da ni?" Sau uku ko huɗu yawanci ana isa ga abu kamar "ni ba wanda ake so ba ne." Wasu kuma na cika gurbi na shida da magana mai daɗi wadda su kansu ba su yarda da ita ba. Jimlar da yardarka da ita ba ta kai rabi ba, ba za ta motsa komai ba.

Sai lokaci. Idan motsin rai ya kai 90 ko sama, tunani ba ya karɓar gyara. Binciken Sheppes da abokan aikinsa a 2011 ya nuna masu lafiya ma, idan abu ya yi tsanani, kawar da hankali suke zaɓa, sai ya yi sauƙi suke komawa sake fassara. Saboda haka a jira ya ɗan sauko, a cika takardar cikin minti 15, a rufe. Wanda ya kai awa guda yana jujjuya ta, saƙe-saƙe yake yi da biro a hannu.

Hasken Asuba:

Malam Mai Alƙalami ya shimfiɗa tushen da kyau, amma a kan tambayarki ta biyu, Malama, ina ganin ya ba takarda fili fiye da rabonta, aƙalla a fannin fargaba. Mai tsoron lif yana iya cika takarda ashirin, ya yarda a kansa cewa lif ba ya kisa, da ƙofar ta buɗe ƙafarsa ta ƙi shiga. Tsoro ba ya sauka da hujja kaɗai, sai mutum ya gani da idonsa a wurin da abin ke faruwa.

Tun 1947 Mowrer ya bayyana dalilin. Duk lokacin da ka guje wa abin tsoro ka ji sanyi a ranka, wannan sanyin lada ne, kuma yana ƙarfafa gudun. Gudun kuma yana hana ka ganin cewa abin da ka yi hasashe ba zai faru ba. Haka tsoron da ya kamata ya mutu cikin mako guda ke rayuwa shekara goma.

Yadda ake tsara tunkarar: a rubuta yanayi 10 zuwa 15 da mutum ke guje wa, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 100, a fara da na wajen 40 ko 50. A da, bisa bayanin Foa da Kozak na 1986, ana cewa a tsaya a wurin har tsoron ya ragu da rabi. Aikin Michelle Craske daga 2008 ya gyara wannan. An gano raguwar tsoro a cikin zama ɗaya ba ta nuna wanda zai warke sosai ba. Tsohon tsoron ba ya gogewa daga ƙwaƙwalwa. Sabon darasi ne ke ginuwa kusa da shi yana danne shi, kuma darasin na yin ƙarfi gwargwadon yadda abin da ya faru ya saɓa wa abin da aka zata.

Don haka kafin a shiga, a rubuta hasashen a fili. "Zan ji tsoro" ba hasashe ba ne, domin lalle za ka ji. Hasashen da ake iya gwadawa shi ne: "Idan na tsaya a layin biyan kuɗi a babban kanti, cikin minti 5 zan suma, na yarda da haka kashi 80." Sai a tsaya minti 15, wato a wuce wa'adin da tsoron ya yanka. Bayan an fito a rubuta abin da ya faru da abin da aka koya. Ko an fito tsoro na kan 70, in dai ba a suma ba, gwajin ya yi nasara. A maimaita sau uku zuwa biyar a mako, a riƙa sauya wuri da lokaci, wata rana da rakiya, wata rana ba kowa, wata rana da gajiya. Darasin da aka koya a wuri ɗaya yakan maƙale a wurin, shi ya sa tsoro ke dawowa idan mutum ya shiga sabon wuri.

Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne 'yan dabarun kariya, waɗanda Paul Salkovskis ya yi bayaninsu sosai. Tsayawa kusa da ƙofa, riƙe gorar ruwa, ƙwayar magani a aljihu, danna waya, haddace kowace jimla kafin a faɗe ta. Mutum ya shiga, ya fito lafiya, amma ransa ya ce masa, "Da ba don na jingina da bango ba, da na faɗi." Nasarar ta tafi ga bango. Dole a lissafa waɗannan dabaru tun farko, a riƙa ajiye su ɗaya bayan ɗaya.

Ga mai firgici na farat ɗaya, abin tsoron a cikin jiki yake. David Clark ya zayyana zagayen a 1986: zuciya ta ɗan buga, mutum ya fassara shi da ciwon zuciya, tsoro ya saki adirenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki, bugun ya ƙaru, fassarar ta ƙara tabbata. A nan ana jawo alamun da gangan. A yi numfashi da sauri da zurfi na daƙiƙa 60 don jawo jiri da mutuwar yatsu. A juya a kujera daƙiƙa 60. A toshe hanci a shaƙi iska ta siririn bututun shan ruwa minti 2 don jin ƙarancin numfashi. A yi gudu a tsaye ko hawa matakala minti 1 don bugun zuciya. Wanda ya fi kama da firgicin mutum shi zai riƙa yi kullum har alamar ta zama abin gundura. Mai ciwon zuciya, asma, farfaɗiya, ko mai juna biyu, sai likita ya duba ya amince kafin a fara.

Wani bayani da ke taimaka wa masu tsoron suma: suma na zuwa ne idan jini ya faɗi ƙasa, firgici kuwa ɗaga shi yake yi. Banda mai tsoron jini ko allura, shi kam jininsa na iya faɗuwa ya suma da gaske. Shi ana koya masa ɗaure tsokar hannu da ƙafa da jiki na daƙiƙa 10 zuwa 15, ya saki na daƙiƙa 20 zuwa 30, sau biyar, kafin da lokacin tunkarar.

Mai tsoron shiga mutane kuma hankalinsa ne ke juyawa ciki, yana kallon kansa yadda yake zaton ana ganinsa. Gwajin da ke cikin tsarin Clark da Wells na 1995 mai sauƙi ne: hira biyu gajeru. A ta farko ya sa ido a kansa ya yi duk dabarunsa. A ta biyu ya ajiye su ya maida hankali ga abin da abokin hirar ke faɗa. Yawanci shi da kansa zai ce ta biyun ta fi sauƙi, kuma idan an ɗauki bidiyo ya kalla, rawar hannun da ya ɗauka kowa na gani da ƙyar ake lura da ita.

Mai Neman Sani:

Na gode, malamai, na ƙaru sosai. Malama Hasken Asuba, to numfashi a hankali fa, da ake koya wa kusan kowa? Shi ma dabarar kariya ce? Sannan duk wannan ya fi karkata ga fargaba. Mai ciwon damuwa da ba abin da yake tsoro, kawai komai ya fita daga ransa, me zai tunkara?

Hasken Asuba:

Ya danganta da dalilin yinsa. Idan mutum na yin sa ne don rage tashin jiki na yau da kullum, ya ja daƙiƙa 4 ya saki daƙiƙa 6, wato numfashi shida a minti, na minti 10 sau biyu a rana lokacin da yake cikin natsuwa, babu laifi. Idan kuwa yana yi ne a tsakiyar firgici da imanin cewa shi ke hana shi mutuwa, ya zama bango na biyu. Schmidt da abokan aikinsa sun gwada a 2000, suka ga ƙara horon numfashi a jinyar firgici bai ƙara sakamako ba. Tambayar da za a yi ita ce, "Da ba ka yi numfashin ba, me zai faru?" In ya ce zai ɗan fi takura, a bar shi. In ya ce zai mutu, abin da za a gwada ke nan.

Abin da ya fi dacewa a lokacin tunkara shi ne kiran abin da ake ji da sunansa. A wani gwaji na 2012 da masu tsoron gizo-gizo, waɗanda aka sa su faɗi tsoronsu da baki yayin da suke matsowa, bayan mako guda jikinsu bai tashi kamar na waɗanda aka sa su kwantar wa kansu da hankali ko su kawar da kai ba.

Na Bakin Taga:

Bari in ɗauki ɓangaren ciwon damuwa, Malama. Shi ma yana da abin tunkara, domin gujewa ce ke riƙe da shi, sai dai tata siffar daban. Ƙin ɗaga waya, kwanciya har rana ta take, ɗage wanka, barin saƙonni su taru. Kowanne na ba da ɗan sauƙi a take, kowanne kuma na yanke wata hanyar da daɗi ko gamsuwa ke shigowa. Rayuwa ta ƙuntata, ƙunci ya ƙaru, a ƙara janyewa. Peter Lewinsohn ya yi wannan bayani tun shekarun 1970.

Magani shi ne farfaɗo da ayyuka, kuma kada a raina shi don sauƙinsa. Neil Jacobson a 1996 ya raba CBT gida-gida, ya ba wasu farfaɗo da ayyuka kaɗai, wasu cikakkiyar jinya, sakamakon ya fito kusan ɗaya. A 2016 wani babban gwaji a Birtaniya mai mutum 440 ya sake nuna bai gaza CBT ba, duk da cewa ƙananan ma'aikatan lafiya ne suka gudanar da shi.

Mako na farko ba a sauya komai. Mutum zai rubuta abin da ya yi awa bayan awa, ya ba kowanne maki biyu daga 0 zuwa 10: daɗin da ya ji, da gamsuwar ya iya wani abu. Amfanin wannan shi ne mai ciwon damuwa na tuna makonsa a dunƙule, baƙi ƙirin. Takardar kan nuna masa cewa ranar Talata da ya fita ya dawo yana kan 4, ranar Laraba da ya wuni a gado yana kan 1. Daga nan a zaɓi ayyuka biyu ko uku, a haɗa na wajibi da na jin daɗi da na cuɗanya da mutane, a sa wa kowanne rana da ƙarfe. "Zan riƙa motsa jiki" ba shiri ba ne. "Litinin da Alhamis, ƙarfe 5 na yamma, tafiyar minti 10" shi ne shiri. Idan aikin ya gagara sau biyu a jere, ya yi girma, a raba shi. Gyara ɗaki ya koma kwashe kayan da ke kan kujera ɗaya.

Ƙa'idar da ake sha wahalar karɓa ita ce, ba a jiran sha'awa ta zo. A ciwon damuwa aiki ne ke gaba, sha'awa na biye, wani lokaci da tazarar makonni. Wanda ba a gaya masa haka ba zai yi tafiya sau biyu, bai ji komai ba, ya ce ba ta aiki. Yana da kyau kuma kafin kowane aiki ya rubuta daɗin da yake zaton zai ji, bayan ya gama ya rubuta wanda ya ji. Hasashen 1 da sakamakon 4, idan ya maimaitu sau goma, ya fi kowace muhawara rusa "ba abin da zai yi min daɗi." A nan maganar Malam Mai Alƙalami da ta Malama Hasken Asuba ke haɗuwa: tunani ne ake gyarawa, amma da abin da aka gani.

Sai saƙe-saƙe, wanda a ganina shi ne zuciyar matsalar. Mai yin sa yana jin kamar yana warware wani abu ne, shi ya sa barinsa ke da wuya. Edward Watkins ya nuna bambancin na cikin irin tambayar. "Me ya sa kullum ni? Me ke damuna?" tambayoyi ne marasa gindi. "Me ya faru daidai, a ina, bayan me, kuma wane mataki ɗaya zan ɗauka?" suna da amsa. Ana koya wa mutum ya gane lokutan da yake faɗawa ciki, yawanci da farkawa, ko a gado da dare, ko lokacin zaman kaɗaici, ya tanadi abin da zai yi a madadinsa. Akwai kuma gwajin minti biyu: bayan minti biyu ana tunani a tsaya a tambaya, na matsa kusa da mafita? Na gane wani sabon abu? Zargin kaina ya ragu? In duk a'a ne, a tashi a kama aikin da ke buƙatar hannu da hankali. Cewa "daina tunani" ba ya aiki, ƙara dawo da shi yake yi, kamar yadda gwajin Wegner na 1987 ya nuna.

Ga mai zullumin gobe, Borkovec ya kawo ware lokacin damuwa: minti 15 zuwa 30, a tsayayyen lokaci kullum, wuri ɗaya, nesa da lokacin barci. Damuwar da ta zo da rana a rubuta ta a layi ɗaya a ajiye. Idan lokacin ya yi a tace, mai mafita a fitar mata da mataki, marar mafita a koyi barinta a buɗe.

Abu na ƙarshe da ake yawan tsallakewa: mai ciwon damuwa na kashe ɗan daɗin da ya samu. An yabe shi, ya ce kara ce aka yi masa. Ya yi dariya, ya ce ba za ta daɗe ba. Wannan ma sarrafa rai ne, ta baya. Ana sa shi ya kama kansa yana yi, ya tsaya a kan abin daƙiƙa 20 ko 30 ba tare da ya rage masa daraja ba.

Ma'aunin Gaskiya:

Saura tambayarki ta uku, Malama, kuma ba a amsa ta sai da awo. A cika takardun tambayoyi biyu a kowane zama, PHQ-9 mai auna ciwon damuwa da GAD-7 mai auna fargaba. Na farko makinsa 0 zuwa 27, na biyu 0 zuwa 21, kuma a dukansu 10 zuwa sama na nuna ciwon ya kai a kula. A PHQ-9 sauyin maki 5 ne ake ɗauka na gaske, raguwar rabi ita ce amsa jinya, ƙasa da 5 kuma lafawa. Don auna dabarun sarrafa rai kansu akwai ERQ mai tambaya 10, shida kan sake fassara, huɗu kan dannewa, da DERS mai tambaya 36. Waɗannan a farko da tsakiya da ƙarshe sun isa. Tsawon jinya kan kama daga zama 12 zuwa 20, sau ɗaya a mako, minti 50 zuwa awa guda. Ci gaba ba ya tafiya a miƙe. Tang da DeRubeis a 1999 sun ga kusan kashi 40 cikin 100 na masu ciwon damuwa sun sami babban sauƙi farat ɗaya tsakanin zama biyu, sau da yawa a farkon jinya.

Idan an kai zama na shida zuwa takwas maki bai motsa ba, a fara da aikin gida. Awa ɗaya ce a ɗakin jinya, 167 a waje, kuma bincike ya sha nuna masu yin aikin gida sun fi samun sauƙi. In ba a yi, a nemi dalili maimakon faɗa: ya yi yawa, ba a gane shi ba, ko mutumin ya yanke cewa ba zai yi amfani ba. Daga nan a dubi ƙwararren da ke ba da jinyar shi kansa. Zama na iya rikiɗewa ya koma hirar abin da ya faru a mako, babu ajanda, babu gwaji, kuma wasu ƙwararru na kauce wa tunkara saboda ba sa son ganin majinyaci cikin tashin hankali. Wannan ba CBT ba ce ko da sunanta aka kira ta.

Sai a sake duba ko ciwon da ake jinya shi ne ciwon. Matsalar tayirod (sashen gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo), ƙarancin jini, yawan shan kafeyin, giya ko ƙwaya, da rashin barci mai tsanani duk suna kwaikwayon fargaba ko damuwa, ko su riƙe su. Magungunan kwantar da hankali na dangin diyazefam, idan ana sha kafin tunkara, suna iya hana darasin kamawa, amma ba a yanke su farat ɗaya, likita ne ke rage su a hankali. Wanda ya taɓa yin kwanaki yana ɗoki fiye da kima, barci kaɗan, magana da kashe kuɗi ba birki, likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya gani domin jinyarsa daban ce. Wanda wani mummunan abu da ya same shi ke dawo masa a mafarki da farke yana buƙatar tsarin da aka keɓe don hakan. Wanda kuma tunanin kashe kansa ya shigo masa, musamman in ya fara tsara yadda zai yi, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a nisanta shi da abin da zai cutar da kansa.

Game da ko sauyin dabarun ne ke kawo waraka: akwai shaida. Goldin da abokan aikinsa a 2012 sun ga a masu tsoron shiga mutane, ƙaruwar yardar mutum cewa zai iya sake fassara abu ita ta bayyana sauƙin da aka samu. Hoton ƙwaƙwalwa kuma tun aikin Ochsner na 2002 ya nuna lokacin sake fassara sashen gaba na bayan goshi na ƙara aiki, amigdala, sashen da ke tayar da tsoro, na lafawa. Amma alamun ciwo da dabaru kan sauya tare, kuma wanda ya ji sauƙi dama zai fi iya fassara mai kyau, don haka kowanne na tura ɗayan. Shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce ta bayan jinya. A binciken Hollon na 2005, cikin shekara guda ciwon damuwa ya dawo wa kashi 31 cikin 100 na waɗanda suka gama jinyar tunani, kashi 76 na waɗanda aka janye wa magani, kashi 47 na waɗanda suka ci gaba da sha. Wani abu da aka koya ya zauna. Wannan ba dalilin ajiye magani ba ne, a ciwo mai tsanani haɗa biyun ya fi. Kuma CBT ba ta yi wa kowa aiki, wajen rabin masu ciwon damuwa ba sa samun raguwar rabi a karon farko, sai a sauya salo ko a ƙara magani.

Mai Alƙalami:

Na yarda da gyaran Malama Hasken Asuba, takarda mafari ce, gwaji ke tabbatar da ita. Ƙari ɗaya a kan jawabin Malam Ma'aunin Gaskiya. Wani lokaci za a cika gurbin hujjoji a ga tunanin gaskiya ne: da gaske aikin na shirin ƙarewa, da gaske ana cin zarafin mutum a gida. A nan sake fassara zalunci ne, domin tsoron na faɗin abin da ke akwai. Sai a koma warware matsala: a rubuta ta a jimla ɗaya, a jero mafita biyar ko shida ba tare da tacewa ba, a auna riba da hasarar kowacce, a zaɓi ɗaya, a sa mata rana, a dawo zama na gaba a duba abin da ya faru. In kuwa akwai haɗari ga lafiyar mutum, tsaronsa ne aikin farko kafin kowace takarda.